Jegon Safiya a Kan Duwatsu

Shekara tara ke nan ana tauna sunana a Fagge a kan abu guda, kuma ku da na haifa kun taya su, ko da da shiru ne. Wai an aike ni Ostireliya wankan jegon Safiya, na je na ga ƙasar Turawa idona ya buɗe, na kwashi ɗanyar mai jego da jariri muka tafi yawon shan iska har gonar giya. To, na fita da ita, ban musa ba. Kwananta goma sha takwas da haihuwa na sa ta a mota muka hau duwatsun da ƙanƙara ke sauka a kansu. Amma a cikinku babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce, Inna, me ya kai ki? Yau zan faɗa muku da hannuna, musamman kai Sani, tunda kai ne babba a maza, kuma kai ka fi kowa cika kana batsewa a lokacin.

Kun dai san sana'ata. Tun mahaifinku na da rai nake wankan jego, daga lungunan Fagge har cikin Sabon Gari, gidan Musulmi da gidan Kirista, Bahaushiya da 'yar Ibo, duk wadda ta haihu ba uwa a kusa ni ake aiko wa. In tafasa ruwa a ganga, in tsoma ganyen darbejiya in bi jikinta da shi safe da yamma, in gasa cibin jariri, in dama kunun kanwa in tsaya a kanta sai ta shanye. Kuma an san ni da tsanani. Mai jegon da ke hannuna ko zaure ba ta leƙawa sai ta yi arba'in, wadda na kama tana shan ruwan sanyi kuwa ranar sai ta gwammace mijinta ne ya kama ta. Saboda wannan tsananin ne ma Hajiya Turai, uwar mijin Safiya, ta tako da ƙafarta har ɗakina da aka ce Safiya ba za ta samu zuwa gida haihuwar fari ba. Ta ce jikanta na fari ne, ba ta yarda da hannun kowa ba sai nawa. Ita ta daka yajin jego da kanta, ta haɗo daddawa da kilishi, ni kuma na busar da darbejiya rabin buhu. A filin jirgin Ostireliya wani kare ya zo ya sunsuna jakata ya zauna a gabanta kamar an ba shi ajiya. Nan ma'aikata suka zazzage komai, suka kwashe ganyen, da yajin, da daddawar, da kilishin. Kanwa kaɗai suka bar mini, ita ma sai da suka jujjuya ta suna kallon juna.

Na bar Kano ana zafin bazara, na tarar can sanyi ne ke shigowa. Gidansu hawa na shida ne, ɗaki biyu da falo, ba tsakar gida, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce barka da arziki. Ragon suna ma a Kano aka yanka, mu muna kallo a waya. Kabiru, mijinta, ya fita aiki da safe sai yamma. Ni kuwa na yi abin da na sani: na rufe tagogi, na saki labule, na kunna abin ɗumama ɗaki, na hana ta taka ko falo ba safa. Ruwa a butar lantarki nake tafasawa ina juyewa a bokiti, in yi mata wankan da tawul. Sai dai yarinyar nan ba ta cin abinci. Ta juya fuska bango ta yini a haka, hawaye na zuba ba sauti. Jariri ya yi ta tsala kuka a gefenta ba za ta waiwaya ba, sai na ɗauke shi na ɗora mata a ƙirji, ya gama sha ta miƙo mini shi ba ta ko kalli fuskarsa ba. Wannan laifin nawa ne, kuma ba zan ɓoye shi ba: faɗa na riƙa yi mata. Na ce shagwaɓa ce da sanaben 'yan boko, na ce ni na haifi bakwai ban taɓa yi wa kowa wannan iyayin ba.

Ranar kwana goma sha huɗu, da hantsi, na fito daga kicin da kofin kunu na tarar ta buɗe ƙofar baranda. Tana tsaye ba takalmi ba ɗankwali, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu tana kallon ƙasa, iska na kaɗa rigarta. Na ajiye kofin a hankali, na je na kama ƙugunta na jawo ta ciki.

Na ce, "Safiya, me kike yi a nan?"

Ta ce, "Inna, ki riƙe yaron nan ke. Ni tsoron kaina nake ji. Ina kallonsa ba na jin komai, kamar ɗan wata aka ajiye mini. Wace irin uwa ce wannan?"

Na kulle ƙofar na cusa mukullin a lalitata, na kira Kabiru a waya na ce ya bar duk abin da yake yi. Ya kai ta wurin wata likita mace, suka dawo da magani. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina kansa a ƙasa ya yi mini bayani, ya ce ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ana warkewa, amma likita ta ce kulle a ɗaki mai duhu ƙara mata shi yake yi, tana bukatar rana da iska da ganin mutane. Ya ce an ba shi hutu, akwai wata hanya da ta bi ta kan duwatsu, sun taɓa bin ta suna sabon aure kuma Safiya ta so wurin ƙwarai, ko za mu je kwana biyar. Ni da ko ruwa ba na sha a gaban surukina, ranar na ɗaga masa murya. Na ce mai jego a kan dutse, cikin wannan sanyin, so yake sanyi ya shige ta ta kumbura ya maida mini gawa? Yana nan durƙushe sai ga muryar Safiya daga kan gado.

"Inna, in na ƙara mako guda a ɗakin nan, ba zan kai arba'in ɗin ba."

Na shiga na yi alwala na yi sallar la'asar, na daɗe a kan sallaya. Abin da na shekara talatin ina tsawata wa 'ya'yan mutane a kansa ne ake so in karya a kan tawa. Da na tashi sai na fara haɗa kaya: butar lantarki, bokiti, babbar tukunya, kanwa, garin kunu, bargo uku. Ina cikin haɗawa ta kama hannuna ta ce in yi mata alkawari ba wanda zai ji abin da ke damunta, ba ma kamar Hajiya Turai. Ta ce ta san Fagge, da an ji za a ce ta taɓu, a liƙa wa ɗanta har girmansa, ga Bilki autarmu ba ta yi aure ba a ce gidan masu taɓin hankali ne. Na san gaskiya ta faɗa, domin da kunnena na sha jin an yi wa wasu. Na yi mata alkawarin.

Tsakani da Allah ƙasar tana da kyau, ba zan hana ta nata ba. Ta hagu suke tuƙi, irin yadda ake yi a nan muna yara. Mun fara wuce filaye cike da tumaki da shanu ba ko makiyayi guda, daga nan ƙasa ta fara tashi, itatuwa suka koma ja da rawaya da ruwan goro kamar an baje atamfofi a Kantin Kwari. Ni duk ba su nake kallo ba, ina baya da jariri a kujerarsa, idona a kan ƙeyar Safiya. Can na lura rabin dajin nan itacen zaiti ne, irin wanda muke turara wa mai mura. Na ce Kabiru ya tsaya, na sauka na karyo rassa na cika bayan mota. Da shi na riƙa yi mata wanka a kowane masauki, safe da yamma, ban tsallake ko sau ɗaya ba, wannan ku rubuta ku ajiye. A masaukin farko ma tururin ya ta da wata ƙararrawa da ke manne a silin, ta yi ta ihu har mai gidan ta rugo, wata tsohuwar Baturiya, ta tarar da ni da damin ganye a hannu zani ɗaure a ƙirji. Kabiru ya yi ta ba ta haƙuri, ni dai na ci gaba da aikina kafin ruwa ya huce.

Rana ta biyu muka kama hawan dutsen sosai. Hanya ta riƙa nannaɗewa, gefe guda dutse, gefe guda rami wanda ba ka hango ƙarshensa, kunnuwana suka toshe, na karanta duk addu'ar da na sani. A can ƙololuwa babu itace sai gajerun ciyayi da farar ƙanƙara jefi-jefi, gajimare kuwa a ƙasa da mu yake. Na naɗe Safiya da bargo uku, na toshe mata kunne da auduga, na ce ko ƙafa ba za ta sauke ba. Ta daɗe tana kallon waje, sannan ta ce in bari a sauke mata gilashi. Na ce a sauke faɗin yatsa huɗu. Ta kara hancinta ta ja iskar nan mai yankan fuska, ta ja, ta sake ja, ni kuwa ina tuna duk matan da na zaga a kan ƙofa a buɗe. Da muka sauko ta ce tana jin yunwa, ta ci rabin burodi da shayi.

Gonar giyar da ake ta yayatawa kuwa ga yadda aka yi. Da muka gangaro kwari rana ta uku, ko'ina inabi ne, layi-layi an ɗaure shi a waya, ganyen ya yi rawaya, iyakar ganinka. Azahar ta yi, yaro na kuka, muka ratse wani wuri mai inuwa da famfo. Na yi salla a kan ciyawa, na tashi ina naɗe sallaya Kabiru ya ɗauke ni hoto. Sai na ce masa, wai duk inabin nan wa zai shanye shi? Ya sosa ƙeya ya ce, Inna, ai giya suke yi da shi, waɗancan gangunan katakon da ke bayanki ma nata ne. Na yi a'uzubillahi na ce mu bar wurin. Ko ruwansu ban sha ba, alwala kawai na yi.

Rana ta huɗu muka shiga wani tsohon gari da aka ce a da zinariya ake haƙa. Gine-ginen jan bulo, titi fetal, ramuka an kewaye su da waya, da wata maƙabarta ta mutanen da suka taso daga ƙasashe masu nisa neman arziki suka mutu a nan. Zinariyar ta ƙare, jama'a suka watse. A bakin wani rafi muka tarar da wani tsohon Bature mai gemu yana koya wa baƙi yadda ake tace yashi da faranti, wai ko za su dace da ɗan burbushi. Rana ta fito, na yarda Safiya ta zauna a kan benci cikin bargunanta. Na tsaya ina kallon mutanen nan, manya da su, suna jijjiga faranti suna zubar da komai a ruwa, abin ya ba ni haushi. Na ce wannan ai rairaya ce, ko yarinya 'yar shekara goma a Fagge ta fi su. Ban san lokacin da na dangwara wa Safiya jaririn a cinya ba, na ɗaure mayafi a ƙugu, na tsuguna na karɓe farantin daga hannun tsohon. Na ɗebo yashi na riƙa juya shi a hankali yadda muke fid da tsakuwa daga gero, ina tsiyayar da na sama, har ya rage baƙin yashi a gindi. Sai ga wasu 'yan ɗigo uku suna ƙyalli, ƙwayar gero ma ta fi su girma. Tsohon ya hau tafi yana zuba Turanci, na ce masa da Hausa, Malam, shekara hamsin ina wannan aikin ba wanda ya taɓa tafa mini.

Sai na ji dariya a bayana. Na waiwaya, Safiya ce, ta rungume yaron a ƙirji tana dariya har da hawaye. Ta sunkuya ta kalli fuskarsa, ta gyara masa hula.

Ta ce, "Ka ga kakarka ko? Ta zo ƙasar mutane ta ƙwace musu sana'a."

Tunda aka haife shi ranar ta fara yi masa magana. Na washe baki na yi ta dariya don kada in fashe da kuka a gaban suruki, shi kuma ya ɗaga waya ya ɗauka. Wannan shi ne hoton da kuka gani, Inna tsugune a bakin rafi haƙora waje, mai jego a zaune a fili. Shi da na gaban gangunan ya tura wa uwarsa, wai don ta ga muna lafiya. Namiji ke nan.

Ba wai ta warke a ranar ba ne. Ta sha magani wata da watanni, akwai ranakun da ta koma bango. Na cika mata wankan arba'in cif, na ƙara wata biyu a wurinta, sai da na ga tana yi masa wasa tana ci tana sha sannan na taho. Kwana biyu da dawowata na ɗauki tsaraba na tafi gaida Hajiya Turai. Na tarar da falonta cike da mata, ashe jirana ake yi. Ko amsa gaisuwata ba ta gama ba ta miƙa wa ta kusa da ita waya.

Ta ce, "Hajiya Mairo, sannu da yawon duniya. Mu muka aike ki wanka, ashe haƙar zinariya kika tafi. To ina rabonmu? Ko a gidan giyar aka ƙarar?"

Mata suka kwashe da dariya. Ta ce da jikanta ya mutu a kan dutsen nan da sai ta ga abin da zan gaya wa Allah. Maganar tana nan a bakina, kalma biyar ta isa in rufe mata baki har abada. Na tuna hannun Safiya a kan nawa. Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya," na ajiye tsarabar na fito. Daga lungunsu zuwa namu ban ga hanya ba don baƙin ciki.

Daga nan aike ya ɗauke. Matan da na wanke su na wanke 'ya'yansu suka koma kiran wata, in na wuce a ce ga ta gonar inabi nan. Mutum ɗaya ce ba ta juya mini baya ba, Maman Ladi, mutuniyar wajen Zariya da ke sayar da kayan jarirai a kasuwar Sabon Gari, Kirista ce, ƙawata tun muna amare. Na je rumfarta ta kalle ni ta ce, "Hajiya, na san ki. Ba kya karya arba'in don kallon dutse. Ba sai kin gaya mini ba." Ta ci gaba da haɗa ni da matan cocinsu, da su na riƙe kaina. Bare ke nan. Kai kuwa Sani, da matarka ta haihu a shekarar, marainiya ba uwa, ina zaune a gidan ka wuce ta ƙofar ɗakina ka je ka ɗauko wata ta wanke ta. Na ji ka kana gaya wa ƙaninka wai Inna ta tsufa ta fara sakaci. Ina jin ƙamshin darbejiya daga tsakar gidana, a gangata aka tafasa ruwan. Wannan ya fi mini na Hajiya Turai ciwo, kuma har yau bai daina ba.

Abin da ya sa na buɗe baki yanzu, Bilki ce. Kwananta goma sha shida da haihuwa, tana ɗakin baya a gidan nan wankan gida, kuma duk kun ga yadda take. Ba ta ci, ba ta magana, ta juya wa 'yarta baya. Kai Sani ka ce iska ce, ka sa an rufe taga, ka kawo mai turare yana ta banka mata hayaƙi, ka ce kada a bar ni in sa baki tunda an san halina. Jiya da safe na shiga na zauna kusa da ita, ban yi mata faɗa ba, na ce, Bilki, tsoron kanki kike ji ko? Ta ɗago ta kalle ni, ta kifa kai a cinyata ta yi kukan da ba ta yi ba tunda ta haihu. Na fito na kira Safiya na gaya mata. Ta ce, "Inna, na sauke miki alkawarin. Ki gaya wa kowa, har Hajiya. Ki yafe mini shekarun nan." Na ce ba ta yi mini komai ba.

Saboda haka gobe da hantsi, bayan na yi mata wanka, mai adaidaita sahu zai tsaya a ƙofar gida. Zan naɗe Bilki da 'yarta in kai ta asibiti wurin likita, in mun fito mu bi ta shataletalen Bata ta ga mutane, mu zauna a rumfar Maman Ladi ta sha iska har la'asar. Za mu fita ta zaure da rana tsaka, duk mai ido a Fagge ya kalla. Ba izininka nake nema ba, Sani. Amma ƙanwarka ba ta da ƙarfin hawa ita kaɗai, ni kuma gwiwata ta tafi. In ka karanta wannan ka ga dama, ka zo ka kama ta ta ɗaya gefen.